Adar a idon baƙo

Duk wanda ya buɗe littattafan da ake bugawa a Faransa domin masu yawon buɗe ido, zai tarar jihar Tawa ba ta wuce hanyar zuwa Agadas ba. In an tsaya, to domin Gerewol na Wodaaɓe ne a kewayen Abalak, ko tseren raƙuma na bikin Shiriken a Akubunu. Fim ɗin da Bajamushe Werner Herzog ya fitar a 1989 ya ƙara kafa wannan sura: saurayi mai fentin fuska, yana zare ido, yana nuna haƙora. Kyau kam akwai shi. Sai dai hoton ba ya faɗin inda shanun saurayin za su sha ruwa a watan Afrilu, kuma da wuya mai ɗaukarsa ya tambaya.

Abin da aka tsallake ya fi abin da aka nuna. A ƙauyen Yama, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma ginin masallacin Juma'a da laka a 1962, jama'ar gari na kawo ruwa da tubali. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Masana gine-gine na ƙetare sun san shi, amma ɗalibai nawa ne na Tawa aka taɓa kaiwa su ga hasumiyoyinsa huɗu? Haka tabkin Tabalak, wanda ya shiga jerin Ramsar a 2005: baƙo yana ƙirga tsuntsaye, alhali masunta da masu lambu da makiyaya ne ke raba gaɓarsa, rabon da ba kullum yake da sauƙi ba. A Keita kuwa, tun 1984 mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka don tare zaizayar ƙasa, amma babu mai kiran wannan al'ada.

Rashin tsaro ya kori Turawa, musamman bayan sace wani Ba'amurke a Abalak a 2016 da kisan Tiliya na 2021. Masu jagora da maƙera sun yi asara ta gaske. Baƙon da ya rage shi ne na gida, wanda ba a taɓa tsara masa komai ba: ba bayani da Hausa ko Tamajak, ba kuɗin mota. Tabalak ba ta fi tafiyar awa guda daga Tawa ba, kuma ƙungiyar malamai ɗaya ta isa ta ɗauki hayar motar da za ta kai aji guda can.