BABI NA UKU: SHARHI A KAN RAYUWA DA BINCIKEN CONSTANTIN TISCHENDORF

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin rayuwa da ayyukan Constantin Tischendorf, masanin nan ɗan ƙasar Jamus wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman tsofaffin rubuce-rubucen Kirista na ƙarnonin farko. Za a duba abin da ya gano, da hanyar da ya bi wajen tace matanin Sabon Alkawari, sannan a auna ƙarfin aikin da rauninsa. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, idonsa wajen karanta tsohon rubutu abin dogaro ne, amma hukuncinsa yakan yi rauni duk inda magana ta shafi kundin da shi da kansa ya gano.

3.1 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Tischendorf a garin Lengenfeld na ƙasar Jamus a shekarar 1815, ya shiga Jami'ar Leipzig a 1834. A wancan zamani, matanin Girkanci na Sabon Alkawari da aka fi amfani da shi ya samo asali ne daga bugun Erasmus na 1516, wanda aka harhaɗa daga 'yan kundaye kaɗan da aka kwafa fiye da shekara dubu bayan zamanin Almasihu. Tischendorf ya bi sawun Karl Lachmann, wanda a 1831 ya ajiye wannan matani ya koma ga kundaye mafi tsufa.

Aikin da ya fara fito da sunansa a birnin Faris ya yi shi, daga 1840. A can akwai wani kundin fata na ƙarni na biyar da aka kankare rubutunsa, aka rubuta wa'azozin Afrem Basuriye a kai. Tischendorf ya karanto rubutun da ke ƙasa, ya buga sashen Sabon Alkawari a 1843. Ya zama farfesa a Leipzig, inda ya rasu a 1874.

3.2 Gano Kundin Sina'i

Sau uku ya ziyarci gidan ibadar ruhubanawa na Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sina'i, wato a 1844 da 1853 da 1859. A ziyarar farko ya komo da warƙa 43 na Tsohon Alkawari cikin Girkanci, ya buga su a 1846 ba tare da ya faɗi inda ya samo su ba. A ta biyu bai samu abin a zo a gani ba. A ta uku, wadda Sarkin Rasha Alexander na Biyu ya ɗauki nauyinta, aka nuna masa sauran kundin, warƙa fiye da 340.

Kundin na ƙarni na huɗu ne, kuma shi ne cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa da aka sani. Haka kuma yana ɗauke da Wasiƙar Barnaba da wani sashe na littafin Makiyayi na Hermas, waɗanda ba sa cikin Littafi Mai Tsarki na yau. An buga shi cikin juzu'i huɗu a 1862.

3.3 Ƙarfin Aikinsa

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne kaifin idonsa. Misali, ya lura cewa akwai wani abu daban game da ayar ƙarshe ta Linjilar Yohanna (21:25), ya ce ba ta cikin rubutun farko na kundin. Wasu masana sun musa masa. A 1938 Milne da Skeat sun duba shafin da wata fitila ta musamman, suka tarar lalle marubucin ya fara rufe littafin ne a aya ta 24, daga baya ya goge adon rufewar ya ƙara ayar. Inda Tischendorf ya kuskure shi ne cewa da ya yi wani hannu ne ya ƙara ta. Ke nan ido tsirara ya hango abin da sai bayan shekara saba'in da ɗoriya na'ura ta tabbatar.

Abu na biyu shi ne bugunsa na takwas na Sabon Alkawari (1869 zuwa 1872). A ƙasan kowane shafi ya jera saɓanin da ke tsakanin kundaye, da tsofaffin fassarori, da abin da malaman Kirista na farko suka ruwaito. Amfanin wannan tsari shi ne, mai karatu yana iya ƙin hukuncin Tischendorf da hujjar da shi Tischendorf ɗin ya ba shi. Wannan ne ya sa masana ba su daina komawa ga bugun ba.

3.4 Raunin Aikinsa

Hausawa na cewa so hana ganin laifi. Bugu na takwas ya saɓa da na bakwai (1859) a wurare fiye da dubu uku, kuma babban abin da ya shiga tsakaninsu shi ne kundin Sina'i. Tsufan kundi ba ya hana kuskuren mai kwafi, wannan kuwa cike yake da gyare-gyaren da hannuwa daban-daban suka yi masa. Inda ya dace da kundin Batikan, kamar rashin Markus 16:9-20 da Yohanna 7:53-8:11, hujjar tana da ƙarfi. Amma sau da dama Tischendorf yakan bi kundinsa ko da masu goyon bayansa kaɗan ne, kamar yadda ya cire Yohanna 21:25 daga mataninsa. Westcott da Hort a 1881 sun fi ba kundin Batikan nauyi. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin daga irin wannan hukunci masu fassara ke sanin ayar da za su sa da wadda za su bari.

Rauni na biyu ya shafi amana. Ya ce a 1844 ya tsinci warƙoƙin ne a cikin kwandon takardun da za a ƙona. Shi kaɗai ne ya ba da wannan labari, ruhubanawan sun ƙaryata shi, kuma fata ba abin hura wuta ba ce. Labarin ya yi masa amfani, domin ya mai da shi mai ceto. Bugu da ƙari, a watan Satumba na 1859 ya sa hannu a takarda cewa aro ya karɓi kundin, zai mayar da zarar an nema. Ihor Ševčenko ya buga wannan takarda a 1964. Kundin bai koma ba, an miƙa shi ga Sarkin Rasha.

Sai dai adalci ya buƙaci a faɗi ɗaya ɓangaren. A 1869 shugabannin gidan ibadar sun sa hannu a takardar kyauta, aka ba su rubul 9,000. Amma an yi haka ne bayan shekara goma kundin yana hannun wasu, a lokacin da suke bukatar goyon bayan Rasha kan rikicin shugabancinsu. Kyautar da aka yi a irin wannan hali tana da wuyar wanke mai karɓa. A 1933 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta sayar da kundin ga Ingila a kan fam 100,000. A 1975 an gano wasu warƙoƙinsa a gidan ibadar. Kundin ya rabu wuri huɗu: Landan, Leipzig, San Fitasbag da Sina'i, sai a 2009 aka haɗa hotunansa a intanet.

3.5 Naɗewa

Kamar yadda aka gani, abin da Tischendorf ya karanta kuma ya jera ya jure gwajin masana. Abin da ya yanke a kan darajar kundinsa, da labarin yadda ya same shi, su ne ke bukatar a sake aunawa. Saboda haka mai nazari zai iya dogara da shaidar da ya tara, amma ya wajaba ya nemi shaida ta biyu duk inda Tischendorf yake alƙali a shari'ar da yake da rabo a cikinta.