Jigon Shinge a Waƙoƙin Karkara: Nazarin Clare da Frost

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu dubi shinge a matsayin jigo cikin waƙoƙin da suka shafi gona da zaman karkara. Mun zaɓi mawaƙa biyu masu rubutu da Ingilishi, watau John Clare (1793-1864) na Ingila da Robert Frost (1874-1963) na Amurka. Abin da muke son nunawa shi ne, ba a gane ma'anar shinge a waƙa sai an san wanda ya kafa shi, da kuma wanda aka tsare da shi.

Shingen Doka

Clare mutumin ƙauyen Helpston ne, mahaifinsa kuwa ɗan ƙodago ne a gonakin mutane. Kafin 1809 gonakin ƙauyen a buɗe suke, akwai kuma makiyaya ta kowa da kowa inda talaka ke kiwon saniyarsa, ya yi itace. A wannan shekara majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar killace filayen Helpston da ƙauyukan kewaye, aka kammala rabo a 1820. Aka dasa shingayen ƙaya, aka toshe tsofaffin hanyoyi. Da yake rabon ya bi gwargwadon abin da mutum ya mallaka tun da fari, mai ƙaramin ƙarfi ya tashi a tutar babu.

A waƙarsa mai suna "The Mores" Clare ya fara da siffanta fili shimfiɗaɗɗe wanda ido bai ganin iyakarsa, sannan ya nuna yadda aka yayyanka shi gutu-gutu, har aka kafa allunan hana wucewa. A "The Lament of Swordy Well" kuwa ya yi amfani da salon mutuntarwa, ya bai wa filin baki, yana kai kukansa kamar matsiyacin da aka ƙwace wa komai. A nan mawaƙin ya daidaita halin ƙasa da na talakan da ke kanta, asararsu ɗaya ce. Abin da ya ƙara wa waƙoƙin nauyi shi ne, Clare da kansa ya yi ƙodagon dasa irin waɗannan shingaye don neman abin sawa a baka.

Shingen Al'ada

Frost ya yi noma a Derry, jihar New Hampshire, waƙarsa "Mending Wall" kuma ta fito a 1914 cikin littafin "North of Boston". Ɗango 45 gare ta, ba ta da amsa-amo. Shingen nan na duwatsu ne, sanyin hunturu da mafarauta kan rushe shi, sai maƙwabta biyu su haɗu kowace shekara su gyara, kowa yana ɓangarensa. Mai magana a waƙar yana ganin aikin banza ne, domin shi itatuwan tuffa gare shi, maƙwabcin kuma itatuwan daji, babu shanun da za su yi ɓarna. Maƙwabcin ba shi da amsa sai wata karin magana da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ya faɗa har sau biyu.

Sau da yawa akan ɗauka Frost ya goyi bayan mai magana ne. Amma mu lura, mai sukan shingen shi ne ya kira maƙwabcinsa su fito gyara. Ashe shingen da ya raba gonakinsu shi ne dalilin haɗuwarsu. Mawaƙin bai yanke hukunci ba, ƙarfin waƙar ke nan.

Kammalawa

Bambancin mawaƙan biyu ya samo tushe daga matsayinsu. Mutanen Frost duka masu gona ne, saboda haka suna da sararin muhawara kan amfanin shinge. Clare kuwa a bayan shinge yake tsaye, ba a kuma shawarce shi ba. Muna ganin wannan ma'auni zai amfani manazartan waƙoƙin noma na Hausa. Shingen aguwa da ke gefen burtali yana tsare amfanin manomi, yana kuma bar wa makiyayi hanya. In aka tura shi ya cinye burtalin, ya tashi daga irin na Frost ya koma irin na Clare. Don haka duk inda mawaƙi ya ambaci shinge, ya kamata mu fara tambayar ta wane ɓangare yake tsaye.