Littafin Gombrich da Ɗalibin Tarihin Zane

A jami'o'i akwai wani fannin ilimi da ake kira tarihin zane. Yaro yakan shekara uku ko huɗu a kansa, ya fito da digiri, alhali ba lalle ne ya iya zana ko ƙadangare ba. Aikinsa shi ne ya dubi abin da hannun mutum ya yi, hoto ne, ko sassaƙa, ko gini, ko tukunya, ya faɗi wanda ya yi shi, da zamanin da aka yi shi, da kayan da aka yi shi da su, da kuma dalilin yinsa. Iyaye da yawa, in ɗansu ya ce abin da zai karanta ke nan, sai su ce ɓata lokaci ne. To, kafin mu yanke hukunci, bari mu dubi littafin da aka daɗe ana fara miƙa wa irin waɗannan ɗalibai, don a cikinsa za mu ga amfanin karatun, mu kuma ga inda ya gaza.

Sunan littafin The Story of Art, watau labarin zane. Wanda ya rubuta shi Ernst Gombrich ne, an haife shi a ƙasar Ostiriya a 1909, ya koma Ingila a 1936, ya rasu a 2001. An fara buga littafin a 1950, aka fassara shi cikin harsuna fiye da 30.

Babban alherin littafin nan shi ne yana koya wa ido dubawa. Ga misali. Mutanen Masar na dā in za su zana mutum, sai su yi fuskarsa ta gefe, idonsa ta gaba, ƙirjinsa ta gaba, ƙafafunsa kuma ta gefe. Wanda bai sani ba sai ya ce ba su iya ba ne. Gombrich kuwa ya nuna da gangan suka yi: kowace gaɓa sun nuna ta daga inda ta fi fitowa sosai, don abin da suka sani game da jiki suke zanawa, ko da ido ba ya ganinsa haka a tsayuwa guda. Daga nan ya bi da mai karatu har birnin Fulorans ta ƙasar Italiya, inda wani magini, Brunelleschi, a farkon ƙarni na 15 ya fito da lissafin da ke sa abin da ke nesa ya ƙanƙance a hoto daidai yadda ido ke ganinsa. Wanda ya karanta wannan ya daina ce wa aikin mutane shirme tun bai tambayi nufinsu ba. Ko wannan kaɗai ɗalibi ya samu, bai yi asara ba.

Amma fa littafin hanya ɗaya ya bi. Ya tashi daga Masar, ya bi ta Girka da Rum, ya daɗe a Italiya, ya nufi Faransa. Ƙasashen Musulmi da ƙasar Sin duka biyu babi guda ya haɗa su. Sauran Afirka kuwa, ban da Masar, sai a babin farko, tare da zanen mutanen kogo. Ma'aunin da ya fi riƙewa shi ne yadda aka bi aka iya kwaikwayon siffar abin da ido ke gani. Ai kuwa da wannan mudu ba a auna zayyanar allo, ko aska takwas ta gaban babbar riga, ko adon da magina ke yi a fuskar zaure. Abu na biyu, bugun farko na littafin babu sunan mace mai zane ko ɗaya a cikinsa.

Ba mu ce mutumin ya yi ƙeta ba. Ya rubuta abin da ya fi sani, a zamanin da kayan ƙasarmu ba su gama bayyana ba. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka tono, sun haura shekara 2,000, amma sai a shekarun 1940 Bernard Fagg ya fara tattara su, gidan tarihi na Jos kuwa sai a 1952 aka buɗe shi. Laifi yana ga wanda zai ɗauki littafin nan ya ce a nan ilimin ya ƙare.

Waɗansu ɗalibai sun gane haka tun da wuri. A 1958, a Kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗaliban sashen zane irin su Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarun Turawa, a haɗa da abin da aka gada a gida. Okeke ya koma ya yi nazarin uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai.

Ɗalibin tarihin zane ma hanyar da ta dace da shi ke nan. Tambayar da Gombrich ya yi wa zanen Masar ita zai yi wa Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. Da ƙasa da azara kawai, ta yaya ya ɗaura bakan gizo masu tsawo haka har suka riƙe rufi? A 2023 wani sashe na masallacin ya rufta, aka yi hasarar rayuka. Ginin ƙasa ba ya jiran mai bincike. Abin da ba a auna aka rubuta ba, ran da ya faɗi ya tafi ke nan. Haka kuma zai tambayi tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, a 1954, ta riƙa zana kadoji da kifaye da kunamu irin na Gwari a jikin randunanta, har aka sa hotonta a takardar naira 20.

Uban da ke tambaya ko akwai abinci a karatun nan, to akwai aikin koyarwa, akwai aikin gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano, akwai kuma aikin rarrabe na gaske da na jabu. Ban da wannan akwai wani nauyi. A 1897 sojan Ingila suka kwashe kayan tagulla na fadar Benin, aka watsa su cikin ƙasashen Turai da Amurka. Sai a 2022 Jamus ta sa hannu ta mai da wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,000. Irin wannan magana ba a cinta da ƙarfin murya, sai da wanda zai nuna abu ya faɗi asalinsa da hanyar da ya bi ya fita.

Saboda haka shawararmu ga ɗalibi ita ce ya karanta Gombrich daga farko har ƙarshe, ya koyi yadda ake tambaya. In ya gama, sai ya ɗauki takarda da awo ya nufi wurin tsofaffin magina da maɗinka da masu ginin tukwane na garinsu, ya rubuta sunayensu da aikinsu tun suna da rai. Babin nan da littafin ya bari, in ɗan gida bai rubuta shi ba, baƙo zai zo ya rubuta, ya sake auna mu da mudunsa.