Jinjina ga Maƙeran Jirgin Kara na Tirwun

Haƙiƙa ya wajaba a jinjina wa yaran Tirwun, waɗanda in kaka ta yi aka girbe dawa, sukan zauna da reza su feƙe ɓawon kara siri-siri, su yanyanka totuwarsa, su tsittsira su harhaɗa, ba ma'auni ba taswira, sai basirar da Allah Ya hore musu, har jirgin sararin samaniyar da suka gani a majigi ya bayyana da fukafukansa. Hatta masu fim ɗin Star Wars na 1977 a Amurka da hannu suka ƙera jiragensu, suna liƙa musu gutsattsarin tankokin wasa. Sai dai su an biya su ladan aikinsu, yaran nan kuwa yankan kara a yatsa ne rabonsu.