Gani ya kori ji: gitar Explorer da sunan da metal ya ba ta

A shekara ta 1958, kamfanin Gibson da ke garin Kalamazoo na jihar Michigan, a ƙasar Amurka, ya fito da wata gitar lantarki wadda ya raɗa ma suna Explorer, wato mai binciken sabuwar ƙasa. Littafin fitar da kaya na kamfanin ya nuna guda 19 ne suka bar ma'aikata a wannan shekara, guda 3 kuma a wadda ta biyo. Daga nan aka dakatar da ƙirarta. Ko mai tallar goro a bakin tasha ya san sunan irin wannan ciniki. Amma a yau, wanda ya dubi hotunan makaɗan hebi metal, wancan kiɗa mai rugugin tsawa da sunansa ke nufin ƙarfe mai nauyi, sau da yawa zai gan su rataye da ita ko da ɗaya daga cikin jikokinta, har wasu masoya kiɗan suka ɗauka dominsu aka sassaƙa ta. Tarihi bai yarda da wannan zato ba. Abin da ya nuna kuwa ya shafi wata tambaya da ta wuce gita: shin wa ke ba abin fasaha ma'anarsa, wanda ya ƙera shi ko wanda ya yi aiki da shi?

Ya kamata a fara da siffa, tunda ita ce tushen zancen. Gitar da kowa ya sani tana da ƙugu da kafaɗu masu lanƙwasa, gadon da ta ɗauko daga kakarta ta ƙasar Sifaniya. Explorer ba ta da ko ɗaya. Jikinta allo ne guda da aka yanke da miƙaƙƙun layuka: wani ƙaho ya miƙe gaba ta ƙasa, wani faffaɗan fiffike ya ja baya ta sama, gaba ɗaya ta yi kama da walƙiya yadda yaro ke zana ta. Kanta ya karkace gefe kamar lauje, maɗauran tsirkiyoyi shida sun jeru a layi ɗaya. Abin da ya ba maƙera wannan dama shi ne gitar lantarki ba ta buƙatar ciki. Gurmi da molo da goge ba su magana sai da ƙwarya ko akushin da ke amsa tsirkiya. In aka ɓata cikin, an kashe muryar. A gitar lantarki kuwa, wani ɗan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla shi ke ɗaukar rawar tsirkiyar ƙarfe, ya mai da ita lantarki, ya miƙa ma na'urar ƙara sauti. Da zarar haka ta samu, jikin gita ya zama abin riƙo kawai, ana iya yanka shi yadda aka ga dama.

Dalilin yanka shi haka bai shafi kiɗa ba ko kaɗan. Gibson tsohon gida ne, mai tinƙaho da sassaƙa, wanda makaɗan jaz suka amince da shi. Sai ga kamfanin Fender daga Kalifoniya da gitarsa Stratocaster ta 1954, mai sulɓi, wadda daga baya aka riƙa yi ma fenti irin na motoci, aka fara kallon Gibson a matsayin gidan tsofaffi. Shugaban kamfanin, Ted McCarty, ya ƙudurta share wannan suna. A 1957 ya nemi rajistar sababbin siffofi uku, aka ba shi a watan Janairu na 1958. Ɗaya ta zama Flying V, mai kama da kan kibiya. Ɗaya, bayan gyara, ta zama Explorer. Ta uku, Moderne, ba ta shiga kasuwa ba sai 1982. Zamani ne na tseren sararin samaniya, ƴan watanni bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, lokacin da hatta motocin Amurka ke da fukafukai a baya. Saboda haka abin da Explorer ta zo faɗi shi ne ci gaba da kyakkyawan zato ga gobe. Babu fushi cikinta, babu duhu, babu tawaye.

Itacen ma yana da nasa labarin. An sassaƙa na farkon daga wani katako mai launin zuma wanda aka tallata a Amurka da sunan korina. Wannan suna na kasuwa ne. Itacen ɗan Afirka ne, yana tsirowa a kurmi tun daga Gini har Kwango. A Kwango ana ce masa limba, a Kwaddibuwa da Kamaru frake, a kudancin Najeriya afara. A lokacin da aka sare waɗancan gumagumai, galibin ƙasashen da ke fitar da su suna ƙarƙashin mulkin mallaka. Ke nan tun kafin a buga ta, Explorer ta riga ta ɗanɗani sauyin suna: katakon kafinta na yau da kullum ya ƙetare teku ya zama abin alfarma.

Kasuwa dai ba ta karɓa ba. An sa mata kuɗi dala 247.50, daidai da na Les Paul, kuma wanda ke da wannan kuɗi ya gwammace abin da ya sani. Ƴar'uwarta Flying V ta ɗan fi ta sa'a, da guda 98 cikin shekara biyu, ko da yake wasu masu kanti sun saye ta ne don su rataye a taga ta ja idon masu wucewa. A farkon shekarun 1960 aka harhaɗa sauran gutsattsarin da suka rage a ma'aikata aka sayar, aka rufe babin.

A nan ne labarin da masoya metal ke bayarwa ya kan yi tsalle. Waɗanda suka fara ɗaukar gitocin nan masu kusurwa da muhimmanci ba su da gami da metal, domin ba a ma haife shi ba. Albert King, baƙar fatar Amurka, bahago, ya ɗauki Flying V ya juya ta sama ta koma ƙasa ba tare da ya sake jera tsirkiyoyin ba, ya yi kiɗan buluz da ita, kiɗan kuka da juriya na jikokin bayi. Lonnie Mack ya yi suna da tasa a 1963. Jimi Hendrix ya yi ma tasa zanen launuka da hannunsa a 1967, shekarar da Gibson ya dawo da Flying V kasuwa. Explorer ita kam ta ci gaba da barci, sai ƴan ƙalilan irin su Eric Clapton, wanda ya buga wata ta 1958 a tsakiyar shekarun 1970, da Allen Collins na ƙungiyar Lynyrd Skynyrd.

Waɗanda suka tashe ta daga barcin masu kwaikwayo ne. A tsakiyar shekarun 1970, wani ƙaramin kamfani a jihar Illinois mai suna Hamer ya fara ƙera gita mai siffarta, makaɗa irin su Rick Nielsen na ƙungiyar Cheap Trick suka karɓa. A 1975 kamfanin Ibanez na Japan ya fito da tasa, Destroyer, wadda Eddie Van Halen ya yi amfani da ita a faifan farko na ƙungiyarsa a 1978. Sai da Gibson ya ga wasu suna cin abin da ya zubar sannan ya dawo da Explorer a 1976, wannan karo da wani itace daban. A 1977 kamfanin Dean ya biyo da nasa siffofin masu kaifi. Daga nan ƙofa ta buɗe: Jackson ya ƙera ma Randy Rhoads tasa mai tsini, B.C. Rich ya fito da Warlock, kowa yana neman ya fi na gabansa ƙahoni.

Haɗuwar Explorer da metal ta tabbata ne a shekarun 1980. Matthias Jabs na ƙungiyar Scorpions ta Jamus ya shahara da fara mai baƙaƙen ratsi. Amma wanda ya ɗaura auren shi ne James Hetfield na Metallica, wanda ya koma ga farar Explorer a 1984, ya tsaya da ita a dandamali, ƙafafu a ware, gita ta sauka har cinya. Wannan hoto ne miliyoyin matasa suka liƙa a bangon ɗakunansu. Abin lura, faifan farko na Metallica na 1983 Hetfield ya buga shi ne da wata gita mai arha, kwaikwayon Flying V ƙirar Japan. Daga baya kuma ya koma ga kamfanin ESP, shi ma na Japan, wanda ya ƙera masa gitoci masu siffar Explorer. Ko a hannun babban jakadanta, siffar ce ta yi tafiya, sunan kamfanin yana bin ta a baya.

To, me siffar ta ƙara ma kiɗan? Ta fuskar kunne, abin bai taka kara ya karya ba. Maganaɗisun da ke jikin Explorer ta 1958 su ne na Les Paul, tagwayen nan da Seth Lover ya ƙirƙira don kashe gunjin lantarki. Tsawon tsirkiyoyinsu ma ɗaya ne. Nauyin sautin metal yana fitowa ne daga na'urar ƙara sauti da aka tura har muryarta ta dushe da gangan, da sassauta tsirkiyoyi don su yi kauri, da yadda makaɗi ke danne su da gefen tafinsa. Hujja mafi ƙarfi ita ce Tony Iommi na Black Sabbath, ɗan birnin Birmingham na Ingila, wanda ake ɗauka uban wannan salo: faifansu na farko na 1970 da gitar SG ya buga galibinsa, mai ƙugu da lanƙwasa. An haifi sautin tun Explorer tana kwance ba mai tambayarta.

Wannan bai sa ta zama ado kawai ba, kuma adalci ya wajabta a faɗi abin da ta iya. Faffaɗan fiffikenta na baya yana tallafe damtsen mai bugu, abin da ke da amfani ga wanda zai yi sa'a biyu yana saran tsirkiya da sauri. Nauyinta ya daidaita, tana zama a cinya, saɓanin Flying V mai zamewa. Amma babban aikinta na ido ne. Metal kiɗa ne na manyan filaye, inda na sahun baya ba ya ganin yatsun makaɗi, sai inuwarsa cikin hayaƙi da fitilu. Daga wannan nisa, gita mai lanƙwasa takan narke cikin jikin mai ita. Explorer kuwa tana tsaye da kusurwoyinta, ana gane ta kafin a ji bugun farko. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A nan gani ne ya riga ji, ya gaya masa abin da zai ji. Walƙiyar da McCarty ya zana don ta nuna gobe mai haske, matasan garuruwan masana'antu da ke rufewa sun karanta ta a matsayin gatari.

Nasarar ta zo da hasara. Da sunan metal ya manne mata, sai aka fara mantawa da cewa tana iya wani abu. Alhali The Edge na ƙungiyar U2 ta ƙasar Ailan ya sayi tasa yana matashi a birnin New York, ya fitar da siririn sauti mai amsa-kuwwa da ita, wanda bai da dangantaka da tsawa. An kuma mai da ita alamar mazantaka, har sai da Lzzy Hale ta ƙungiyar Halestorm ta riƙe ta, Gibson ya fitar da samfuri da sunanta. Kamar kalma ce wadda wata ma'ana guda ta rinjaya har aka manta da sauran. Mafi muni, labarin da ya fara daga 1980 yana shafe Albert King da ire-irensa, waɗanda suka rungumi gita mai kusurwa tun ana yi mata dariya.

Tambayar mallaka ta kai har gaban alƙali. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta ƙi amince ma Gibson da siffar Flying V a matsayin alamar kasuwancinsa ta gita, bisa hujjar cewa ba ta bambanta da abin da ya riga ya yawaita a kasuwa ba. A wannan shekara kuma Gibson ya kai kamfanin da ke da Dean ƙara a jihar Texas. A 2022 masu taya alƙali hukunci suka ba Gibson gaskiya, amma diyyar dala 4,000 kacal suka yanka, domin ya yi shekaru da dama yana kallo bai yi magana ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2024, aka sake shari'a a 2025, Gibson ya sake yin nasara a kan siffar Explorer. Ta fuskar doka magana ta fito fili: wanda ya zana shi ke da zane. Ta fuskar tarihi kuwa, masu kwaikwayo da makaɗa ne suka yi wahalar raya abin da mai shi ya yar shekara 17. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ba a rage ma McCarty da maƙeransa komai ba. Sun zana abin da ya jure shekara fiye da sittin ba a sake masa fasali ba, kuma hakan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai abin da suka zana siffa ce wadda ba ta da magana tukuna. Maganar ta zo daga baya, daga hannayen da ba su taɓa tunani ba, kuma babu tabbacin metal ne zai yi ta ƙarshe. Ragowar waɗancan guda 22 na farko, da aka rasa mai so a kan dala 247.50, yau ana cinikinsu da ɗaruruwan dubban daloli, kuma da yawansu suna kulle cikin akwatunan masu tara kayan tarihi, inda babu mai jin muryarsu.