Ƙuri'ar Masu Karatu da Komowar Jason Todd

A cikin watan Satumba na shekarar 1988, kamfanin DC da ke buga labaran Batman cikin zane a ƙasar Amurka ya yi wani abu wanda ba a saba gani ba a sha'anin adabi. Fitowa ta 427 ta ƙare ne a daidai inda bam ya tashi da wani ɗaki a ƙasar Habasha, Robin kuwa, watau yaron Batman, yana ciki, bayan Joker ya yi masa jina-jina da sandar ƙarfe. Sai edita, Dennis O'Neil, ya sa lambobin tarho biyu a cikin littafin: wanda ya ke so yaron ya rayu ya buga ɗaya, wanda ya ke so ya mutu ya buga ɗayar, kowane kira senti 50. An ba da wajen kwana ɗaya da rabi. Da aka ƙirga sai aka sami kira 10,614, daga ciki 5,343 sun ce ya mutu, 5,271 sun ce ya rayu. Ƙuri'a 72 ke nan suka raba gardama, aka buga fitowa ta 428 da Batman ɗauke da gawar yaronsa.

An zaɓi kalmar "yaro" a nan da gangan. Ana iya cewa mataimaki, amma wannan kalmar ofis ce. Ana iya cewa zagi, amma zagi gaban doki ya ke tafiya, ba ya shiga sirrin ubangidansa. "Yaro" ita ce ta haɗa ƙuruciya da zama ƙarƙashin maigida, da kuma haƙƙin da ke wuyan maigidan idan wani abu ya sami wanda ya ɗauka. Dukan labarin a kan wannan haƙƙi ya ke tafiya.

Robin na farko, Dick Grayson, ya fito tun 1940, ya girma, ya bar gida a 1984 da sunan Nightwing. Jason Todd da ya gaje shi ya fara bayyana a 1983, da hali kusan iri ɗaya da na magabacinsa. A 1987 aka sake masa asali, ya zama ɗan titi wanda Batman ya kama yana kwance masa tayoyin mota, mai tsiwa, mai zafin zuciya, ba ya jin magana. Wannan Jason na biyu shi ne da yawa daga cikin masu karatu suka ƙi jini. To, amma ƙuri'ar ba ta nuna ƙiyayyar jama'a baki ɗaya ba, gama wajen rabi sun nemi a bar shi da rai, kuma ba a hana mutum ɗaya ya buga sau goma ba in yana da kuɗin. O'Neil da kansa ya faɗi daga baya cewa ya ji ana raɗe-raɗin wani mutum guda ya sa na'ura ta yi ta bugawa. Ra'ayin masu karatu da a ke ta ambato, ashe, ra'ayin masu tarho ne da kuɗin kira.

Abin lura shi ne mutuwar ta yi wa Jason abin da rayuwa ba ta yi masa ba. Shekara goma sha shida da wani abu rigarsa tana rataye cikin akwatin gilashi a kogon Batman, marubuci bayan marubuci yana komawa gare ta duk sa'ad da ya ke so ya nuna wa mai karatu raunin jarumin. Har masu karatu suka ƙaga wata magana tsakaninsu, cewa a irin waɗannan littattafai kowa ya mutu ya kan dawo, ban da mutum uku: Jason Todd, da Bucky yaron Captain America, da Ben kawun Spider-Man.

A 2005 biyu daga cikin ukun suka dawo. Judd Winick, tare da mai zane Doug Mahnke, ya fara labarin Under the Hood a fitowa ta 635, inda wani mai jan kwalkwali, Red Hood, ya shigo birnin Gotham yana kashe dillalan ƙwaya, yana mallake sauran, daga baya ya cire kwalkwalin aka ga Jason ne. Nan masu karatu suka rabu. Waɗansu suka ce an ci amanarsu: an tambaye su, sun ba da amsa, sun biya kuɗi, sa'an nan an warware hukuncin ba da shawararsu ba; kuma mutuwar da za a iya sokewa ba ta da nauyi, don haka baƙin cikin Batman na shekaru ya zama wasa. Waɗansu kuwa suka ce ba a taɓa rubuta Jason da kyau ba sai yanzu.

Hujjar kashi na farko tana da ƙarfi a wuri ɗaya, watau hanyar da aka bi aka tashe shi. A Batman Annual na 25, wanda ya fito a 2006, an bayyana cewa wani mai ƙarfi, Superboy-Prime, ya yi ta naushin bangon duniyar da ya ke tsare a ciki, girgizar ta canja abubuwan da suka riga suka faru, Jason ya farka cikin kabarinsa. Wannan dalili ba shi da wata alaƙa da Jason, ko Batman, ko Joker. Daga wani labari dabam aka aro shi. Ko mai tatsuniya a dandali, in ya kashe Gizo ya tashe shi, ya kan nemi dabarar daga cikin halin Gizo, don ya san yaran da ke gabansa za su kama shi. Winick ma kamar ya gane, domin da ya rubuta labarin don majigi a 2010 ya jefar da naushin, ya bar abin a hannun Ra's al Ghul da ramin ruwansa mai tada matattu, wanda tun da can yana cikin labaran Batman.

Amma in aka duba abin da Jason ya dawo ya yi, hujjar ta kan yi rauni. A fitowa ta 650 ya kama Joker, ya kira Batman, ya nuna masa cewa ya yafe masa rashin cetonsa. Abin da bai yafe ba shi ne barin wanda ya kashe shi yana yawo yana ƙara kashe waɗansu. Wannan tambaya tana nan tun 1988, ba wanda ya isa ya yi ta sai mamacin. Alfred ba zai yi ta ba, Dick Grayson ba zai yi ta da wannan nauyi ba. Amsar Batman, cewa in ya fara kisa ba zai iya tsayawa ba, amsa ce ta mai tsoron kansa, kuma Winick bai yi ƙoƙarin sa ta ta gamsar ba. Da Jason ya tilasta masa zaɓi, sai ya jefi yaron da makaminsa a wuya, Joker ya tsira. Maigida ya raunata yaronsa don kada a kashe maƙiyinsa: wanda ya ce komowar ta rage zafin mutuwar, lalle bai tsaya a kan wannan shafi ba.

Labarin Bucky yana taimakawa wajen gane abin da ya dami masu karatu a gaskiya. Shi ma dokar nan ta hana shi dawowa, amma da Ed Brubaker da Steve Epting suka komo da shi a matsayin Winter Soldier, ƙorafin bai daɗe ba, har ya ɗauki garkuwar Captain America a 2008. Dalili kuwa a fili ya ke. Mutuwar Bucky ba a taɓa nuna gawarta ba, tunawa kaɗai aka yi da ita a The Avengers na 4 a 1964. Brubaker ya cika giɓin da abubuwan da suka dace da zamanin, watau sojojin Tarayyar Sobiyet sun tsamo shi daga teku ba hannu ɗaya, ba tunani, suka mai da shi makashi. Masu cewa matacce ya zauna a kabarinsa sun yarda da wannan. Saboda haka abin da su ke ƙi, ko da ba haka su ke faɗi ba, shi ne ɗinki marar kyau.

Tun 1988 mai zane Jim Aparo ya shirya shafuka iri biyu, tun da ba a san inda ƙuri'a za ta faɗi ba. A 2023 DC ta buga fitowa ta 428 da ɗaya shafin, wanda Batman ya tarar da yaron yana numfashi. Wanda ya karanta zai ga zanen bai bambanta da na farko ba sai kaɗan: tarkacen nan ne, da yaron a hannun maigidansa, sai fuskar Batman da ta canja.