Ma'anar "Kisa" a Fagen Dambe da Asalinta

Manufar wannan takarda ita ce duba kalmar "kisa" yadda 'yan dambe suke amfani da ita, tare da auna ra'ayoyi uku game da asalinta. A fagen dambe idan aka ce wane ya kashe wane, ana nufin ya kai shi ƙasa, kuma ko gwiwa ko hannu ne ya taɓa ƙasa, kisa ya tabbata. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce an tashi babu kisa.

Ra'ayi na farko shi ne cewa fassara ce ta abin da Turawa suke kira knockout. Wannan ra'ayi ba shi da ƙarfi. Dokokin Kwinsberi da aka buga a Ingila a 1867 sun ba wanda ya faɗi daƙiƙa goma ya miƙe, sai ya kasa ne ake cewa an cinye shi. Damben gargajiya kuwa bai san ƙidaya ba, faɗuwar ita ce hukunci. Ma'anonin biyu sun sha bamban tun daga tushe.

Ra'ayi na biyu ya danganta kalmar da sana'ar fawa, tun da an san dambe da mahauta. Sai dai mahauci "yanka" yake yi. Dabbar da aka kashe ba tare da yanka ba mushe ce, don haka da wuya ya ɗauki wannan kalma daga sana'arsa ya yi alfahari da ita.

Ra'ayi na uku, wanda muka fi karkata gare shi, ya mayar da ita ga yaƙi. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Inda aka sami mashi da garkuwa, ƙarshen karo kisa ne. Makaɗa sun ƙara raya wannan siffa, kamar yadda Ɗan Anace ya cika waƙar Shago da zancen mutuwa da lahira.

Saboda haka muna ba masu fassara da masu tsara ƙamus shawara su bambance kisan dambe da na damben zamani, domin haɗa su yana ɓatar da tarihin da kalmar take ɗauke da shi.